Wasiƙar da Ban Karanta Ƙarshenta Ba

In aka tambaye ni abin da ya kai ni aikin jarida, nakan ce karatu ne. Ba ƙarya ba ce, amma ina jin ba ita ce amsar duka ba.

Ina aji biyu a elementare, shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai, mahaifina ya tafi haƙar kuza Jos. Ya bar mu a Unguwar Gai, ni da Inna da ƙannena biyu, a hannun wansa, Baffa. Damina ta zo bai dawo ba. Muka ji ƙishin-ƙishin ba shi da lafiya.

Ana dab da girbin dawa, wani da ya ci kasuwar Kibiya ya kawo wasiƙa. Malamin unguwarmu ya jujjuya ta, ya ce wannan boko ce, ba ajami ba. Aka ce a kira ni.

Maza sun cika zaure, Inna tana laɓe a bakin ƙofar cikin gida. Wani maƙwabcinmu ya ce, "To, ɗan boko, yau za mu ga ko ƙwallo kawai ake koya muku." Aka yi dariya.

Rubutun haɗe yake, irin na manya, mu kuwa ba mu kai nan ba. Da ƙyar na haɗa layin farko: abokin aikinsa ne ke gaisuwa, ya ce jikin mahaifina da sauƙi. Zaure ya ɗauki hamdala. Na duba sauran layukan, haruffan suka ƙi rabuwa.

Baffa ya ce, "Sai me kuma?"

Na ce, "Sauran gaisuwa ce."

Bayan kwana biyu na zauna a bayan rumbu ni kaɗai, na bi wasiƙar harafi-harafi. Cewa aka yi in da hali ɗan'uwansa da iyalinsa su zo, kada su jira girbi. Da babba ne ya ji wannan, da ya gane nan take, domin a wurinmu ko mutum na gargara "da sauƙi" ake cewa, saƙon gaskiya yana biye. Ni ban san haka ba, ko kuma, in zan faɗi gaskiya, na so kada in sani. Tsoron Baffa da kunyar zauren nan suka rufe mini baki. Na ce a raina ai an ce da sauƙi.

Ba a gama kai dawa gida ba aka aiko mahaifina ya rasu. Ban san ko da sun tashi a ranar za su tarar da shi ba. Na sha lissafa kwanakin, ba su taɓa ba ni amsa ɗaya ba.

Bayan takaba gidan ya watse. Aka kai ni wurin Gwaggo a Saji, ina noma da safe, ina zuwa makaranta in an bari. Daga nan ne na kamu da wani hali: ko takardar da aka ƙunshe ƙosai a ciki na samu, sai na karanta ta har ƙasa. Wani malaminmu a Rano ya lura, ya riƙa ba ni tsofaffin jaridu. Shi ya tsaya mini har na wuce gaba, daga baya na kai jami'a.

A ofishin jarida ba a yabona da sauri. Editanmu kan leƙo ya ce, "Malam, labarin nan sai ya tsufa a hannunka? Ma'aikatan hukuma sun ce komai lafiya, me kuma kake nema?" Nakan ce a bar ni in ƙara tambayar mutum ɗaya. Wataƙila wani lokacin na wuce gona da iri, ban musa ba.

Sai da na shekara biyu ina aiki na iya gaya wa Inna zancen wasiƙar nan. Na same ta tana tsince wake a faifai. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Kai yaron nan. Ai na ga takardar cike take, kai kuwa magana biyu ka yi. Na sani da saura."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa, Inna?"

Ta ce, "In kunyata ka gaban maza? Kuma ni ma tsoron jin sauran nake yi." Ta turo mini faifan. "Taya ni, idona ya fara gajiya."