Habsu Mai Daka da Littafin Lekol

Duk wanda ya zauna Gure a zamanin Nasara ya san Habsu mai daka. In bai san fuskarta ba, ya san ƙarar taɓaryarta a bayan lekol, wato makarantar Nasara. Gajeruwar mace ce mai kantar hannu, ba ta da yawan magana. Mutane suna cewa haƙuri gare ta. Wane haƙuri? Shiru ne na wadda ta daɗe da gane ba mai sauraronta.

Daga wajen Damagaram mijinta ya kawo ta wani ƙauye a ƙasar Gamu. Haƙar rijiya ce sana'arsa, rijiyar ce kuma ta rufta da shi, ya bar ta da yaro guda, Manzo. Ɗan fari ne, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Kai yaro" take ce masa, in tana ba da labarinsa ta ce "yaron nan". Ba ta da wa, ba ta da kawu a garin, sai ƴar gona a gefen tudu.

Manzo yana da shekara takwas kumandan ya aiko da umurni, kowane bulama ya ba da ɗansa na cikinsa a sa lekol. Bulaman ƙauyen, Aisami, mutum ne mai ƙaton rawani da ƙaramar zuciya. A kan talaka muryarsa har bayan gari, amma in ya hango dokin gumi, wato sojan kumandan, shi ke fara durƙusawa. Yana da ɗa tsaran Manzo, sunansa Ibram, ba ya kuwa son a mayar masa da shi kafiri. Sai ya yi abin da kusan kowane bulama ke yi a lokacin. Ya sa aka kamo ɗan marar gata, aka zura masa sabuwar riga da hula, aka ce masa daga yau sunanka Ibram ɗan Aisami. Habsu ba a ma shawarce ta ba, daga rijiya ta dawo ta tarar an tafi da shi.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗaure tsummokaranta ta bi sawun doki, kwana biyu a ƙasa har Gure. Can ta samu aikin dakan hatsin da yaran lekol ke ci, ita da wata tsohuwa Ya Kaka. Malamin, wanda ake ce wa mushe, daga ƙasar Dahome aka kawo shi. Ko ana zafin da ke gasa ƙwai yana cikin kwat, littafin sunaye a hammata, ka ce da shi aka haife shi. Kullum da safe ya buɗe ya kira, "Ibram Aisami," yaron ya amsa, Habsu tana ji ta bayan darni. Da rana ta kankare ƙanzon tukunya ta miƙa masa a ɓoye. Haka suka yi shekara biyu.

Ana nan sai sankarau ya shigo da bazarar shekarar da Nasara ke kira 1938. Mutum ya tashi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu an kai shi kushewa. Aka bugo waya daga Damagaram a hana cin kasuwa, a hana taron suna da na biki, don cutar a cikin cunkoso take yaɗuwa. To, su masu wannan ilmin, me suka yi da yara sittin masu kwana ɗaki guda? Suka kewaye su da shingen ƙaya, suka ajiye gardi a ƙofa, kada kowa ya fita. Da safe a ba su wani jan ruwa su kurkure maƙogwaro, mai ba da shi ya toshe hanci da ƙyalle yana miƙa kwano daga nesa. Karatu kuwa bai tsaya ba, tun da takardar wayar ba ta ce a tsaya ba. Mushe yana daga bakin ƙofa da hankici a baki, yana koya wa yara sunayen kogunan Faransa, na kusa da su yana kwance yana nishi.

Sai da yara bakwai suka mutu sannan takarda ta biyu ta iso. A rufe lekol, duk yaron da ke da lafiya a ba ubansa. Amma fa uban da ke cikin littafi, ko ɗan aikensa riƙe da sandarsa, wai don kada a sace ƴaƴan manya. Ƴaƴan manya! In ka tara na ainihi a cikin yaran nan ba za su cika tabarma ɗaya ba.

Habsu ta je bakin shinge, Ya Kaka tana biye da ita. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, yarona na zo ɗauka."

"Sunansa?" in ji mushe da gurguwar Hausarsa.

Habsu ta sunkuyar da kai. Ya Kaka ce ta faɗa a madadinta: "Manzo."

Mushe ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. "Babu Manzo."

"Ga shi can jikin bango, yana kallona."

"Wancan Ibram ne, ɗan Bulama Aisami. Sai ubansa ya zo."

Yaron ya taso da gudu har ƙaya ta kama masa riga, ya ce, "Inna." Mushe ya ce ai duk yaran lekol Inna suke ce mata, tun da ita ke dafa musu. Wallahi ya sani. Shekara biyu yana ganin inda ƙanzo ke zuwa. Gardin ma ya sani, shi da ya fito daga ƙauye irin nasu. Amma in mushe ya yarda wannan ba Ibram ba ne, to littafinsa ƙarya ne tun daga shafin farko, kuma shi zai yi wa kumandan bayani. Ya rufe littafin ya mayar hammata.

Ta kama hanyar ƙauye a ranar, cikin yashin da ke ƙona tafin ƙafa. Da ta iso, bulama ya hana a shigar da ita gida, tun da daga garin cuta ta fito. Ta bayan zana ya yi mata magana.

"Allah ya ja zamaninka, ɗan aike kawai nake roƙo, da sandarka. Yaron lafiyarsa lau, da idona na gan shi."

"Wa zan aika ya kwaso mana mutuwa? Ki yi haƙuri, da ruwan farko ya sauka cutar za ta tafi."

"To ba ni sandar, ni in kai."

"Mace da sandar bulama? Ke Habsu, zafin rana ya taɓa ki ne?"

Ta kafar zanan tana hango Ibram a inuwa, yana gwaguyar goriba. Ta kwana biyu a ƙofar gidan tana roƙo, ko ruwa ba a miƙo mata ba sai da maƙwabta suka ji kunya.

Da ta komo Gure, Ya Kaka ce ta tarye ta tun daga bakin gari, ta karɓi ƙunshin da ke kanta. Nan Habsu ta gane. Jiya aka binne yaron bayan tudu, ba wanka, aka zuba farar ƙasa a kai. Ko kabarin ba a bar ta ta gani ba, don ba danginsa ba ce.

Gaisuwar mutuwa kuwa gidan bulama aka kai ta. Kumandan ya aiko gumi da kan sukari da takardar yabo. Aisami ya shimfiɗa tabarma ya zauna zaman makoki kwana uku, ya yanka rago, har hawaye ya matso, ɗan nasa kuma yana ɓoye cikin rumbu ana miƙa masa nama. Habsu ba wanda ya taka ya ce mata ya haƙuri, in ba Ya Kaka ba.

Sai dai wayon ya bar wa bulama aiki. Ibram ya mutu a littafin Nasara, ga shi kuma yana yawo da ƙafarsa. A littafin ƙidayar ƙauye, Manzo ɗan Habsu yana nan da rai. Saboda haka aka horar da yaron, duk ranar da gumi ya shigo gari ya sa tsohuwar riga, in an kira Manzo ya amsa.

Bayan damina cutar ta lafa, aka buɗe lekol, benci rabi babu kowa. Kumandan da kansa ya fito rangadi neman yara. Habsu tana ƙauyen lokacin, ta zo girbe ɗan geronta. Aka tara gari a ƙofar bulama. Tafinta ya ce kumandan ya ji tausayin Aisami, ya ba da ɗa ya rasa, ba za a sake taɓa gidansa ba. Aka buɗe littafin ƙidaya aka karanto: Manzo ɗan Habsu, shekara goma.

Bulama ya yi wuf ya ce yaron yana kiwo can wajen Alakoss, sai bayan wata uku. "Ga uwarsa nan, a tambaye ta. Ko ba haka ba, ƙanwata?"

Yau ita ce ƙanwa. Habsu ta dubi rawanin, ta dubi tarin yaran da ke tsaye jikin darni. Shekara goma tana kunyar sunan nan, har mai shi ya shiga ƙasa bai ji shi a bakinta ba. Ta ɗaga murya kowa yana ji.

"Manzo, zo nan."

Ɗan bulama ya dubi gumi, ya yi abin da ubansa ya koya masa. Ya fito ya tsaya gabanta. Aisami ya buɗe baki, ya ga kumandan yana kallonsa, ya rufe.

Ta sake bin sawun doki zuwa Gure, ta koma bakin turminta. Yaron ba ta taɓa yi masa ko harara ba, shi ma ƙanzo take ba shi. Da hutu ya zo, bulama ya kasa daurewa, ya hau doki ya zo da kansa, da sandarsa a hannu, ya ce ɗansa Ibram ya zo gani. Mushe ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya ce babu Ibram, ya mutu, ai kai aka kai wa gaisuwa. Habsu tana bayan darni tana ji, ba ta fasa dakanta ba.

Abu ɗaya ne ke tsayar da taɓaryar nan. Kullum da safe in mushe ya buɗe littafi ya kira "Manzo Habsu," sai ta riƙe ta a sama har yaron ya amsa, sannan ta sauke.