Ranar da Aka Jiƙa Waya Kamar Sabon Jirgi

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aikin nan, akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba: ranar da Baba Ɗan Jumma ya shigo shagonmu na kasuwar Goronyo da waya ƙunshe cikin leda, yana juya ta daga hannu zuwa hannu kamar wanda ya ɗauko dankali daga wuta. Ku da kuka kama aiki daga baya kun sha jin ana cewa "waya ba jirgi ba ce", kuna dariya ba ku san mafarin maganar ba. To yau ga mafarinta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sahabi, mutumin Wurno, kuma gidanmu mahauta ne kaka da kakanni. Ni kaɗai na bar wuƙa na kama sukundireba. A lokacin ni ne mai gyara a shagon, sama da ni sai maigidanmu Alhaji Ummaru, wanda ya koya mini aikin. Tsarinmu shi ne wanda kuka taras. Akwai teburin caji da ke shan wuta daga solar da ke kan rufi, kowace waya a liƙa mata lamba a ba mai ita 'yar'uwar lambar. Akwai kuma teburin gyara, inda nake zama. Doka ɗaya ce Alhaji ba ya sassautawa a kanta ko ga wa: wayar da ta zo da zafi ba a sa mata wuta sai ta huce.

Bazara ce, ana gab da saukar damina, irin zafin nan da ko sallama mutum ya yi maka sai ka ji kamar ya takura ka. Ranar kasuwa ce kuma, shago cike. Baba Ɗan Jumma masunci ne daga wajen Rimawa, dattijo dogo mai farin gemu, bakinsa kuwa ya fi ƙugiyarsa kaifi. Tsakanin masunta da mahauta akwai wasa tun na kakanni, don haka ni da shi ba mu taɓa gaisawa lami lafiya ba. Ranar nan ma bai fasa ba, amma na lura muryarsa ba ta da ƙarfin da na sani.

"Ɗan mahauta, tashi ka diba man abin ga. Ta mutu."

Na ce, "Baba, mi as same ta?"

"In na san abin da as same ta, mi za ya kawo ni wurin mai ƙarnin jini?"

Na karɓa na fara kwancewa. Leda ce baƙa an ɗaure bakinta tamau da zaren komar kamun kifi, igiyar caji kaɗai ta leƙo. Cikinta wata ledar. Cikin wannan kuma guntun tsohon rawani, sannan rigar roba mai kauri, sannan waya. Sabuwa dal, ko takardar fuskarta ba a ɓare ba, amma da na taɓa ta sai da na yi salati. Da ƙwai ne da ya dahu. Na danna makunni, shiru.

Alhaji Ummaru ya taso daga kujerarsa ya miƙa wa Baba ruwa a moɗa, ya zaunar da shi, ya ce ya faɗa mana yadda aka yi tun daga farko. Ashe 'yarsa ce ta haihu a kudu, inda mijinta ke kasuwar albasa. Haihuwar fari ce, wadda bisa al'ada a gidan iyaye ake yinta, amma likita ya hana ta doguwar tafiya, ga hanya kuma yadda ta zama. Surukin, yaro mai hankali, ya ga an tauye wa tsofaffi haƙƙinsu, sai ya sayi waya ya sa mata layi da komai, ya aiko direban motar albasa da ita. Ya kuma aiko da saƙo cewa zaɓen sunan jariri ya bar wa Baba. Shi kuwa Baba ya rantse a gaban mutanen bakin ruwa cewa ba zai yanke suna ba sai ya ga fuskar yaron da idonsa. Kuma gobe da safe ne suna.

Duk wannan bayani da ya yi, ko sau ɗaya bai ambaci sunan 'yar ba. 'Yar fari ce, kunya ba ta barinsa. "Yarinyar can" kawai yake cewa, yana kallon bango, kamar zancen 'yar maƙwabta yake yi.

Na ce, "To Baba, mi as sa ka naɗe ta haka kamar amarya?"

Ya dube ni da tausayi. "Ku ba ku san aikin ruwa ba. Duk abin da masunci ka so, leda shika sa shi. Kuma sabon jirgi in an sassaƙo shi, ba a hawa nai ran nan. Nutsa shi aka yi cikin ruwa shi kwana shi wuni, shi sha shi ƙoshi, katako shi kumbura shi toshe kahwa. Sannan shika ƙarko. To an ce man sabuwar waya ma haka ta, sai ta sha wuta ta ƙoshi kahin a taɓa ta."

Abin da ya yi ke nan. Yana da ɗan farantin sola a kan rumfarsa ta kwano a bakin ruwa, wanda yake cajin tocila da rediyo da shi. Tun ranar da aka kawo wayar ya kunna ta ya ga tana haske, ya ƙunshe ta, ya jona ta da igiyar cajin tocilar, ya tura ta ƙarƙashin farantin a kan kwano, rana na dukanta daga hantsi har la'asar. Bai sake taɓa ta ba sai da hantsin ranar nan, da ya ga lokaci ya yi. Ya kwance, ya danna, ya girgiza, ya yi mata addu'a, ko motsi. Sai ya sake ƙunshe ta da zafinta, ya kamo hanyar kasuwa cikin rana.

Mutanen shago suka fashe da dariya, ni ma har da riƙe ciki. Alhaji kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Baba, hankalinka na kan hanya, abin ne ba iri ɗaya ba. Jirgi in ya kumbura ya gyaru. Batir in ya kumbura ya gama yawo." Ya juyo gare ni ya ce in duba ko ya tashi.

Ga sababbinku, ga yadda ake dubawa. Ka cire rigar, ka kife wayar a kan gilashin tebur, ka sunkuya ka dubi bayanta ta gefe ko ya yi tozo, sannan ka bi bakinta da farce ko murfi ya fara ɗagawa. In ya tashi, babu zancen caji, sai canji, kuma batirin irin wannan waya sai an aika birni. Da hakan ta faru, da suna ya wuce Baba bai ga kowa ba. Na duba sau biyu. Lafiya lau take, a shafe. Na ce, "Alhaji, batir bai tashi ba." Baba ya sauke wata ajiyar zuciya har gemunsa ya motsa.

Alhaji ya yi masa bayanin abin da ya faru. Wayoyin yanzu suna da wayon kare kansu: in zafi ya yi yawa sai su daina karɓar wuta. Ga igiyar cajin tocila ba ta kai mata abin kirki, ga ta a kunne tana ta laluben sabis a bakin ruwa. Ke nan duk kwanakin nan da Baba ke zaton tana sha, aman abin da ke cikinta take yi, har ta ƙare ta suma.

Wani daga cikin masu kallo ya ce a tsoma ta cikin kular ƙanƙara ta huce yanzu-yanzu. Baba har ya miƙe zai je nemowa. Alhaji ya ce kul. Ya nuna masa moɗar da ke hannunsa yadda ta yi gumi a waje, ya ce haka cikin waya zai yi in sanyi ya buge ta farat ɗaya, a je garin neman gira a rasa ido. Sai na ɗora ta tsirara a kan busasshen faifai, na ajiye a inuwa kusa da randa inda iska ke ratsawa. Muka koma kan aikin sauran mutane.

Baba bai koma ko'ina ba. Ya jawo benci ya zauna ya sa faifai a gaba, kamar mai gadin fatsa. Na ce masa kifi ba ya fitowa daga randa. Ya ce da yankan akuya ake koyon haƙuri da na fi haka. Can sai ga matarsa, Inna Kulu, ta baro tiren busasshen kifinta ta zo ta tsaya bakin ƙofa. Ita kunyarta ta ma fi tasa. Wai ta zo tambaya ne ko muna sayar da ashana. Shagon waya fa! Muka ce babu, ta ce to, ta ci gaba da tsayuwa.

Bayan mun dawo daga sallar azahar na taɓa wayar na ji ta yi sanyi. Alhaji ya tambayi Baba ina cajar da ta zo da ita. Ya laluba jakarsa ya fito da kwali, ga caja nan a naɗe ko kwance ta ba a yi ba.

"Wagga ai sabuwa ta. Na aje ta sai wata babbar rana."

Alhaji ya ce, "Baba, yau ta babbar ranar."

Na jona. Baƙin gilashi kawai. Ku sani, batirin da ya ƙare ƙarƙaf ba ya amsawa nan take, amma sanin hakan bai hana ni gumi ba, don idon dattijon nan yana kaina. Har masu karɓar wayoyinsu suka ƙi tafiya. Ina cikin tunanin abin da zan ce masa, sai ga ɗan jan zane ya bayyana a tsakiyar gilashi. Wani ya yi kabbara, sauran suka amsa. Inna Kulu ta manta da ashana ta rangaɗa guɗa.

Baba ya ce a kira yanzu. Alhaji ya ce a'a, kiran bidiyo a kan caji zafi yake ƙarawa, a bari ta ɗan samu abin kirki. A wannan jiran ne na zauna na karanta masa karatun da nake so ku riƙa yi wa duk wanda ya sayi sabuwar waya. Ba ta bukatar kwana a wuta ranar farko, wannan zancen batiran da ne. A yi amfani da cajarta. A cire mata riga mai kauri in za a jona, a ajiye ta a inuwa, ba kan kwano ba, ba cikin leda ba, ba ƙarƙashin matashi ba. Kada a bari ta mutu ƙurmus kafin a nema mata wuta, kuma in ta kai wajen tamanin ana iya cirewa. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wato kamar jaki. Shi ci ba shi cushe ba, shi yi aiki ba shi galabaita ba, a ɗaure shi ga inuwa." Na ce wallahi ya fi ni iya faɗa.

Kafin la'asar ta haura rabi. Na cire, na kunna, na duba lambar da surukin ya ajiye da sunan matarsa. Don neman tsokana na karanta da ƙarfi, "Nana!" Baba ya ce, "Ni ban tambaye ka ba."

Ta ɗauka. Fuskarta ta cika gilashi, ta ce "Baba!" sai kuka. Shi kuwa ya kafe idonsa a saman wayar, ya ce a nuna masa yaro, abin da ya kawo shi ke nan. Aka juyo da jariri. Dattijon nan ya riƙe waya da hannu biyu ya ƙare wa yaron kallo. Sannan ya ce a hankali, "Goshin tsohona na. A sa mai Idirisu." Ya ɗaga hannu ɗaya ya yi addu'a, kasuwar Goronyo ta shafa tare da mutanen kudu.

Inna Kulu, da ta zo neman ashana, ban san lokacin da ta iso bayan benci ba. Ta leƙa ta ce, "Kai, ga mijina!" Baba ya ce, "Kun gani ko? Ko ido bai buɗe ba ya amshe man mata." Aka yi ta dariya, can ma ana yi. Da za a yi sallama ya tambayi 'yar ko tana cin abinci, ko ana dama mata kunun kanwa. Ta ce ana yi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To. Allah shi yi miki albarka, Nana."

Na ji da kunnena. Alhaji ma ya ji, don na ga ya juya yana gyaran wayoyin da ba su bukatar gyara. Ni kaina sai da na goge ido, ban ɓoye ba. Da aka kashe na ce, "Baba, mi na ji ka ce?" Ya ce, "Zahin waya na ya taɓa ma kunne, ɗan mahauta."

Abin da na koya a ranar, ba a cikin waya yake ba. Da Alhaji ya bi mu aka yi ta dariya, da dattijon ya tafi da kunya, kuma da ya sake jiƙa wata. Mutanenmu ba sa yin abu babu dalili. Ka tambayi mutum me ya sa ya yi, ka amsa masa da abin da ya sani, zai riƙe har ya koya wa wani. Shi ya sa mutanen wajen Rimawa suke zuwa mana da wayoyinsu tsirara a aljihu, suna cewa Baba ya ce waya ba jirgi ba ce.

Wayar tana nan hannunsa, batirinta na farko, ba mu taɓa buɗe ta ba. Duk ranar kasuwa yakan biyo ya ajiye mini ƙunshin kifi, wai in ɗanɗana abincin mutane. Sannan ya zauna a bencin nan kusa da randa ya kira kudu. Idirisu ne yake ɗauka yanzu. In sun gama shirmensu, sai ka ji Baba ya gyara murya ya ce, "To, ba Nana."