Gwaibar Inna Bayan Gobara

Shekarar da Inna ta rasu ce masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta bayan girbi, ta ci gonarmu ta wajen Ngojin ƙurmus. Baba bai je ya gani ba. Watanni ya yi yana zaune a ƙofar gida yana ba dokinsa dusa, wani tsohon bidi da ya fi ni sanin halinsa. Sai da aka yi ruwan farko ya aiko a kira ni daga Yerimaram, inda nake koyarwa.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "gobe za mu duba gwaibar uwarka. In ta mutu, na sayar da gonar da dokin, na dawo gari na zauna maka a zaure."

Na san Baba. Mutumin da ko kwana biyu ya yi a gari sai ya fara ciwon baya, in aka raba shi da gona ai an gama da shi.

Ya aro min goɗiyar maƙwabci. Ni da na saba da kujerar keke napep, ban wuce bayan gari ba cinyoyina suka fara kuka. Baba yana gaba, zaune daram, yana waiwayowa yana cewa in saki linzami, ba sitiyari ba ne.

Daji ya yi baƙi, amma ba duka ba. Daga kowane ƙonannen gindin gamba, toho ya leƙo kore shar. Ƙanshin toka da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, belbelu suna bin sawunmu. Na riƙa nuna masa, "Baba, dubi can, ya farfaɗo." Ko kallo bai yi ba. Ciyawa ba ta dame shi ba.

Gwaibar tana bakin kwari, inda Inna ta dasa ta tun ina goye, ta rene ta da ruwan tulu. Mun same ta tsaye ba ganye ko ɗaya, kamar muciyar da aka manta a murhu. Baba ya sauka, ya ɗaure bidi a gindinta yadda ya saba shekara da shekaru, ya shiga kankare rassa da farce yana neman ɗanye. Reshe bayan reshe, duk a bushe. Ni ma na kama, har farcena ya yi jini, ina addu'a a zuci.

"Shi ke nan," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta bi mai ita."

A nan muka ji ƙarar tauna a bayanmu. Bidi ya tura hanci cikin toka yana fizgar wani abu daga gindin bishiyar. Mu muna can sama muna nema, ashe ta ƙasa ta tsiro, kuma ga tsohon kwaɗayayye yana kalaci da ita.

Ban taɓa jin Baba ya zagi dokin nan ba sai ranar. Da yarenmu na Ngizimanci ya fara, da bai ishe shi ba ya ƙarasa da Hausa, yana janye shi da hannu biyu. Sannan ya durƙusa ya share tokar. Tsiro ɗaya ya rage, jajaja, bai kai tsawon yatsa ba. Ya daɗe yana kallonsa, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Da ya miƙe ya zaro adda daga jikin sirdi ya miƙo min.

"Malam, je ka saro ƙaya mu yi mata shinge. Uwarka ba ta son a bar mata kaya a buɗe."