Saniyar da Ke Rawa a Kan Turmi

A Dogon Dutsi an san ni da abu biyu: koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da damun mutane da zancen fim ɗin zane, wanda yara ke kira desan anime. Ba kowane iri nake so ba. Wanda aka yi da na'ura, mai sulɓi kamar sabon bokitin roba, ko kyauta aka ba ni ba na kallo. Ni dai na hannu, wanda mutum ya zauna da alƙalami da takarda ya zana hoto bayan hoto har abin ya tashi ya yi tafiya. In na kama ka a fadar shayi, ba za ka tashi ba sai na tura maka wani a salula, na kuma lissafa maka masu zanen da hannunsu ya yi kama da na mai shi. Abokaina har sun koyi tura salularsu cikin aljihu da zarar sun hango ni.

Amma duk cikin waɗanda na taɓa zaɓa wa fim, babu wanda na ji daɗinsa kamar Inna.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, tana zaune a rugarsu gefen Kieshe. A gidansu uwa ce ke zana ƙoran da ɗiyarta za ta tafi da su ɗakin miji, da wuƙar da aka gasa a wuta. Inna ta yi wa manyan ƴaƴanta duka, kuma layinta miƙaƙƙe ne, har ana zuwa gani. To, a shekarar da nake magana, autarta za ta yi aure bayan girbi, ga shi tun wata rashin lafiya da Inna ta yi hannunta na dama yake rawa. Ta ce ba za ta ɓata wa yarinya ƙorai ba, a je kasuwar Tibiri a sayo kwanoni. Autar ba ta yi musu ba. Sai dai na ga yadda take kallon duman da aka fafe, yana bushewa a kan rumfa babu ko ɗigo a jikinsa, abin ya tsaya mini a rai.

Wata asabar da la'asar ina zaune a inuwar rumfar ina kallon wani ɗan gajeren fim na wata saniya da ta ɓace a daji. Inna ta fito da faifai a hannu, ta kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, mi kaka kallo haka kamar an ɗaure ka? Miƙo in gani."

Na miƙa mata. Irin zanen nan ne da layinsa ba ya tsayawa wuri guda, ko saniyar tana tsaye bayanta yana ɗan kaɗawa. Inna ta duba, fuskarta ta canza, ta miƙo mini salular da sauri ba ta dube ni ba.

"Amshi abinka. Hannuna ya ɓata ma shi, duk rawa shi kai."

Tausayinta ya kama ni. Na tashi na kifa turmi, na jingina salular da taɓarya a kansa, na ce ta matso. Babu mai riƙe da ita, amma saniyar ba ta daina rawa ba.

"Inna, ba hannunki na ba, hannun mai zanen na. Duk motsi guda sai ya sake zana ta ga sabuwar takarda, kuma hannun ɗan Adam bai maimaita layi daidai."

"Kuma bai goge ba?"

"In ya goge, saniyar tsayawa za ta yi kamar kututture."

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Kuma bai ji kumya ba, ya nuna ma duniya." Da fim ɗin ya ƙare sai ta tambaye ni ko mutumin yana da dangi masu irin hannunsa.

Ni da nake bin mutane da roƙo su kalla, yau ga mai tambaya da kanta. Duk ƙarshen mako na riƙa hawa babur da sabbin da na zaɓo. Na kawo mata na wata tsohuwa daga ƙasar sanyi mai zane da gawayi, tana shafawa da yatsa har shatin yatsan ya fito. Na kawo na wani mai zane cikin yashi. Inna ba ta damu da sunayensu ba, ita ta raɗa musu nata: mai gawayi, mai rairai, mai saniya. Akwai wanda na yi ta yabo, na ce lallai ɗan'uwan mai saniya ne, ta kalla ta ce hannun dai ba laifi, amma shanunsa ba tozo, jakkai ne aka dasa wa ƙaho. Har yau ban yarda da ita ba, amma na yi dariya har da hawaye.

Ban taɓa yi mata zancen ƙorai ba. Wani zuwa da na yi, tun daga bakin ruga na jiyo ƙaurin ƙwarya. Na tarar da ita gaban murhu, wuƙa cikin garwashi, autar tana riƙe mata ƙwaryar da hannu biyu tana ta murmushi. Inna ta harare ni ta ce in na yi magana za ta fasa. Na samu wuri na zauna.

Ranar kai amarya ƙoran suna saman kaya, layukansu duk da ɗan lanƙwasa, kuma autar ba ta yarda kowa ya ɗauki babbar ba sai ita. Da zan tafi Inna ta kira ni bayan ɗaki ta danƙa mini ludayi. A bayansa akwai saniya mai babban tozo, layin gadon bayanta yana kaɗawa.

"Kai ma abokan naka," in ji ta. "Ka hwaɗa musu akwai wata mai irin hannun mai saniya nan Kieshe."