Choji da Gidajen Tururuwa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar da rabi Choji Pam yake fita daga gidansa a Cheetham Hill, da takalmin roba da shayi a filas. Ya hau bas, ya hau jirgin ƙasa, sannan ya taka har gandun dajin da ke kan duwatsun gabas da Manchester. Shekara ashirin da uku ke nan yana gyara hanyar da ruwa ya cinye, yana mai da duwatsun katangar makiyayan zamanin da, yana kwashe gawayin da muka bari.

I, mu. Duk bayan Sallah mukan cika motoci mu je can gashin nama, yara suna bin barewa da waya. Sai mu ce masa "sannu mai gadi", mu wuce.

Ni bokona bai yi nisa ba, amma ina son abin mamaki. Shi ya nuna mini tulin busassun ganye da ya kai gwiwata, ya ce gidan jajayen tururuwa ne, masu cinye ƙwarin da ke ɓata itace. Ya ɗora shuɗin fure a kai, suka fesa masa ruwan tsami, furen ya koma ja-ja. Har yau nakan yi mafarkinsa.

Wata shekara La'asar ta same mu a can, waya ba sabis. Ga likita uku, ga injiniya biyu, babu wanda ya san alƙibla. Choji, Kirista ɗan Filato, ya ce: "Gidan tururuwan nan kudu yake kallo, saboda rana. Ku fuskanci can, ku karkata hagu sosai." Muka yi salla.

Bana cuta ta kama itatuwan gangaren, aka ce ranar Litinin injuna za su shiga sara. Gidan tururuwa goma sha ɗaya ke kan hanyarsu. Choji ya rubuto a zauren ƙungiyarmu na waya yana neman mutum goma ranar Asabar, su taya shi kwashe gidajen. Dakta Abdulsalami ya amsa: "Baba Choji, tururuwa fa? Ina on call wallahi. Su nemi flat a council mana, hukuma ta ba su gida." Aka yi ta dariya.

Mu biyu muka je, ni da Ramlat, wata nas da ta sauko daga aiki.

"Kawu, riƙe buhun da kyau, kai sai kallo!" in ji ta.

Yana haƙa da shebur, suna cizonsa har wuya, yana tura baro zuwa tudun da ya zaɓa musu. Bakwai muka iya kwashewa. Huɗu injuna suka bi ta kansu, yana tsaye.

Kai ne, Choji, mai tausayin abin da ba ya godiya. Ƙarshen watan nan za ka aje aiki. A walimar ƙungiya a Birmingham an raba lambar yabo tara, na duba takardar sau biyu, babu sunanka. To ni na gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka lafiya.

Ku kuma, kowa ya ba dajin nan Asabar ɗaya. In kun ƙi, Sallah na zuwa, kuma za ku je. Idan tururuwa ta hau ƙafarku a kan tudun nan, kada ku murje ta. A baro aka kawo ta.