Hannun Hagun Marlys

A garinmu Elk Hollow babu mai iya tuna ranar da Marlys Dykstra ta fara kaɗa wa yaran sakandarenmu fiyano. Ta kaɗa mini ina budurwa, ta kaɗa wa 'yata, kuma duk tsawon zamanin nan ban taɓa ganin ɗan kallo ya tafa mata ba, saboda ba a ganinta. A gasar waƙa da rawa yara ne a gaba, jere bisa matakala cikin kaya masu walƙiya, fitilu a kansu. Makaɗa kuwa suna bayan matakalar cikin baƙaƙen tufafi, a duhu. Can Marlys ta tsufa, zaune a kan wani ɗan matashi ruwan toka da take yawo da shi a hammata duk inda motar makaranta ta kai mu.

Mijinta Harold manomin masara ne, ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ran Lahadi takan kaɗa a coci, amma ta sha gaya mini cewa wancan na Ubangiji ne, na Asabar, ranar gasa, shi ne nata. Ni Connie ce, mai ɗinka wa yaran kaya da taya su sauyawa tsakanin waƙa da waƙa, don haka wurina ma bayan matakalar ne, ina tsugune kusa da ƙafarta. Marlys mace ce mai baki. In yaro ya kuskure taku sai ta ce ko shanun Harold sun fi shi sanin inda za su sa ƙafa, yaron ya yi dariya, gobe ya gyara.

Mutum ɗaya ce ba sa ga maciji da ita, wato Verna Kuhlman, mai kaɗa wa makarantar Pruitt, garin da ke gaba da namu. Malama ɗaya ta koya musu kiɗa suna yara, kuma tun daga nan ake gwabzawa. Verna na da hannun dama kamar walƙiya, ga gaggawa. Marlys kuwa ƙarfinta a hagu yake, hannun da ke riƙe wa masu rawa taku. Verna kan ce in Marlys ta fara kiɗa sai ka waiga ka ga ta ina za a shigo da gawa. Marlys kuma ta yi shekaru tana shela a gundumar nan cewa hannun hagun Verna na ado ne, don zobe kawai aka yi shi.

Sai ga shekarar da hukuma ta ce ɗalibai sun yi kaɗan, za a rufe makarantarmu a haɗe ta da ta Pruitt. Ƙungiyar waƙa za ta zama ɗaya a ƙarƙashin malaminmu Mista Tollefson, benci kuma ɗaya ne a gaban fiyano. Aka ce sai an gama gasannin hunturu za a zaɓi wadda za ta zauna a kai. Ni da nake zama kusa da Marlys a mota na lura ta daina saƙa, ta daina zuba wa kanta kofi, kuma ba ta cire safar hannun dama sai za ta zauna kiɗa. Na tambaye ta, ta ce sanyi ne, in kula da allurata.

Gasar ƙarshe ta faɗo a wata Asabar ta Fabrairu, a wani babban gari, dusar ƙanƙara har gwiwa. Daga ita sunan Elk Hollow ba zai sake hawa dandamali ba har abada. Iyaye sun cika motoci, tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa. Yaran sun shiga ajin da aka ware mana suna ta fesa man gashi, ni kuma na leƙa ɗakin gwaji don in kira Marlys. Na same ta ita kaɗai a gaban fiyano, ta ɗora hannun dama a kan maɓallan, yatsun sun dunƙule ciki. Tana buɗe su da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, suna komawa.

Na ce, "Marlys, mene ne wannan?"

Ta ce, "Rufe ƙofar, sarkin surutu. Tun kakar masara yake min haka. Da ruwan zafi yake sakewa. Yau na jiƙa shi har fata ta yi ja, ya ƙi."

"To mu gaya wa Mista Tollefson mana!"

"Ya yi me? Ya sa musu faifai? Kin san doka, kiɗa sai na hannu. Janye su zai yi. Su koma gida da kayan da kika ɗinka ba su ko sa ba."

Gaskiyarta. Makaɗanmu uku ne kacal, mai ganga, mai jita, sai ita, kuma fiyanon ne ke ɗauke da waƙar gaba ɗaya. In ta yi shiru ta hau da hannu ɗaya, yaran za su watse a gaban jama'a, ranarsu ta ƙarshe ta zama abin dariya. In ta buɗe baki, benci ya tafi, kuma wannan matar ba ta da wani abu a duniya bayan bencin nan. Gaba kura baya sayaki. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ni da ya kamata in ba ta haƙuri.

Can Marlys ta miƙe, ta ɗauki matashinta, ta ce, "Share hancinki. Akwai mutum ɗaya a ginin nan da za ta iya. Zo ki raka ni, kada in juyo a hanya."

Ba a shiga ajin abokan hamayya ranar gasa, kowa ya san wannan. Muka tsaya a bakin ƙofar 'yan Pruitt, yaransu suka yi tsit suna kallonmu. Verna ta fito tana cin gurasar kirfa, ta dube mu sama da ƙasa.

Ta ce, "A'a, yau ga sarauniyar jana'iza da kanta! Ɓatan hanya kika yi, ko wani ne ya mutu?"

Marlys ta cire safar da haƙora, ta miƙa mata hannun. Verna ta daina tauna. Ta ja mu gefe, bayan wata kabad, inda yara ba za su gani ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Kika yi shiru, tsohuwa mai taurin kan tsiya! Yanzu me kike so in yi miki?"

"Aron hannu na zo."

Verna ta goge yatsunta a siket. Ta ce, "Kin san fa in Tollefson ya gan ni a bencinki, magana ta ƙare. Nawa ne."

"Na sani."

"Kuma gurbi ɗaya ya rage a zagayen ƙarshe, tsakaninmu da ku ake kallonsa. In na taimake ku kuka ture yarana, da wane ido zan dube su?"

"Wannan ma na sani. Verna, ban taɓa roƙonki ko ruwan sha ba. Ina roƙonki yau. Kada su sauka daga dandamalin nan ana musu dariya." Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ban taɓa zaton zan ga ranar ba.

Verna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ba ni takardun, zan kaɗa duka."

Sai ga Marlys ta ɗago kai, idanu jajur, ta ce, "Duka? Da wannan hannun hagun naki? Ki karya min ƙafafun yara? Dama kawai nake so. Hagu ina da abina."

"Ji mata! Bara take yi tana zagin mai gida."

"Kuma abin da nake kaɗawa ba duka ke cikin takarda ba. Yarinyar da ke waƙa ita kaɗai a tsakiya, Tessa Ruhland, tana da ciwon asma. Akwai wurin da nake jiranta ta ja numfashi. Ba ya rubuce, kuma ba kullum tsawonsa ɗaya ba. In kika wuce ta, ta faɗi."

Babu lokacin gwaji. Aka kira sunan Elk Hollow, iyaye maza suka tura matakala, yara suka hau. Mista Tollefson ya leƙo baya don ya ba da alama, ya ga tsofaffi biyu a benci ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, hannun daman Marlys kwance a cinyarta. Ya buɗe baki ya rufe. Na ga fuskar Marlys a lokacin. Ta san ya gani.

Waƙar farko ta kusa kashe ni. Verna ta zabura kamar an biyo ta, Marlys na jan ta baya, mai ganga ya rasa wadda zai bi. Ta ƙarƙashin matakala ina hango ƙafafun yara suna neman rikicewa, ga rigunan sauyi a hannuna, ina ta kiran sunan Allah.

Marlys ta zunguri Verna da gwiwar hannu, ta ce cikin haƙora, "Ina za ki? Gobara ake yi?"

"Ke ce kike tafiya kamar an ɗaura miki dutse!"

"Saurari ƙafafunsu, ba kanki ba!"

Ko me Verna ta ji, oho, amma ta sassauta. Kafin waƙa ta biyu ta kai rabi hannayen nan biyu sun zama na mutum ɗaya. Na sauya wa 'yan mata riguna ban san yadda na yi ba.

Sai fitilu suka rage, Tessa ta fito gaba ita kaɗai. Ranar ƙirjinta a cushe yake saboda sanyi, tun daga baya nake jin numfashinta na fita da ƙyar. Ta hau waƙar a hankali har ta iso wurin. Marlys ta ɗaga hannun nan da ya ƙi aiki, ta ɗora shi a gwiwar Verna, ta danna. Verna ta tsaya da yatsu a sama. Zauren ya yi tsit. Tessa ba ta shigo ba. Shirun ya yi tsawo har na ji wani ya yi tari a can baya, na ga yatsun Verna na rawa suna son sauka, ita da ba ta taɓa jiran kowa ba a rayuwarta. Marlys ta ƙara dannawa. Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ta tafi.

Sai muka ji ta ja iska. Marlys ta ɗage hannu, Verna ta sauko, muryar Tessa ta tashi ta cika zauren. Ban ga abin da ya faru a gaba ba, ƙara kawai na ji. Daga baya aka gaya mini 'yan Pruitt, waɗanda suka zauna a sahun gaba da hannu harɗe a ƙirji don su ƙirga mana kurakurai, su ne suka fara miƙewa suna ihu suna kiran sunanta.

Ba mu shiga zagayen ƙarshe ba. Rikicin waƙar farko ya ci mana maki, Pruitt ta ɗauki gurbin. Yaranmu suka yi kukansu, suka wanke fuska, suka je suka tafa musu. Bayan 'yan makonni aka ba Verna bencin, kamar yadda kowa ya sani za a yi. Likita kuma ya ce hannun ba zai dawo ba.

Daga nan Marlys ta rufe ƙofa. Ta bar kiɗan coci, ta lulluɓe fiyanon gidanta da zanen gado, labule ba ya buɗuwa. Nakan kai mata abinci, in dawo washegari in tarar da shi yadda na ajiye. Ta rame har zobenta na zamewa. Wata rana ta miƙo mini matashin nan ta ce in jefa shi a shara. Na karɓa na sa a bayan motata, na yi kuka har gida, don na tabbata matar nan ba za ta ga wani hunturun ba.

Da aka koma makaranta a Satumba na je gwajin farko don auna yara. Verna ta shigo ta zauna a can ƙarshen benci ta dama, ta bar rabinsa fili, ta naɗe hannun hagu a cinya, ta fara kiɗa da dama kaɗai. Rawa ta wargaje nan take. Mista Tollefson ya ce, "Misis Kuhlman, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Ai duk gundumar nan ta san hannun haguna na ado ne. Wata ta yi shekaru tana shela, ku kuka ƙi ji."

Haka ta yi washegari, haka ta yi duk makon. Na kai wa Marlys labari, ta ce, "Tausayina take ji. Ba na so." Na ce to, amma yara sun kusa karairaya, kuma Verna ta ce gobe za ta gwada hagun da kanta. Marlys ta dube ni ta kawar da kai.

Washegari Verna ta sa hagun, kuma wallahi ban san ko da gangan take yi ba, don kiɗan ya munana ƙwarai. Ana cikin haka na hango mutum a bakin ƙofa, cikin rigar sanyi da ta yi mata yawa. Ta tsaya tana saurare, fuskarta na yamutsewa, har ta kasa jurewa. Ta ratso ta tsakiyar yara, ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Na ruga mota na ɗauko matashin.

Marlys ta jefa shi a kan bencin ta ce wa Verna, "Matsa, kin cinye wuri."

Verna ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Kin makara."

Marlys ta zauna, ta ɗora hannun dama a gwiwar Verna, ta kai na hagu kan maɓallan. Ta ce, "Ke ce kika yi gaggawa, kamar kullum. Koma daga farko."