Kiri-kirin Tsakar Gidana

Shekarar da na gama ginin gidana a Batsari, na hana a zuba siminti a tsakar gida. Ciyawa nake so. Na taɓa ganin irinta a harabar wani asibiti a Katsina, shimfiɗe kamar darduma, tun ranar ta shiga raina. Magini ya yi mini dariya, matata ta ce macizai nake yi wa masauki. Na ce na ji, gidan dai nawa ne.

Ban san komai a kan abin ba. Na fara da watsa wani iri da na sayo a leda, kajin maƙwabta suka yi walima da shi. Sai wani mai lambu ya ce in daina wahalar da kaina, in je bakin fadama in haƙo ciyawar kiri-kiri da saiwarta in dasa. Haka na yi. Na tsince ɓaraguzan bulo da hannuna, na sassaƙe ƙasa, na zuba takin awaki, na dasa layi-layi. Ruwa kuwa a bazarar Batsari, wanda ya sani ya sani. Na wanke-wanke da na alwala duk a bokiti nake tarawa, wanda ya zubar mini a kwata sai mun yi da shi. Da damina ta sauka ciyawar ta haɗe, ta yi kore shar. Ranar da na fara rage mata tsawo da lauje, har maƙwabta na kira su gani.

A wannan daminar na ɗauko Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Runka. Ɓarayin daji sun hana kowa zuwa gona, rabin gari ya watse, shi kuma ya kafe wai ba ya barin gonarsa. Da ƙyar da roƙo na sa shi a mota, bai riƙo komai ba sai buzun salla da hauyarsa. Kullum maganarsa ɗaya ce, gobe zai koma. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka shi ya aika a kira don a mayar da shi ƙauye.

Na shimfiɗa masa tabarma a kan ciyawar don ya ji sanyi. Ya ƙi zama. Ya tsaya daga bakin zaure yana harararta.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da tsakar gidana tsirara. Ya nome ta tas, ya tara a gindin katanga, ya zauna yana goge gumi yana jiran a yi masa sannu.

"Baba, me nake gani haka?"

"Haki na fidda maka," in ji shi, don mu a ƙauye haka muke kiran ciyawa. "Kiri-kiri ce fa. Ba ka ga ta ci maka gida ba?"

"Ni na dasa ta, Baba! Da hannuna!"

Ya dube ni sama da ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, sai ya juya wajen matata. "Wanga karatu ya taɓa shi. Mutum da hankali nai shi dasa haki?"

Wallahi da wani ne ba ubana ba, da unguwa ta taru a ranar. Na shige ɗaki ina huci, na ƙi cin tuwo. Wata da watanni ina jigilar bokiti har bayana ya ƙage, a wuni guda an share mini, kuma wai ni ne mai taɓin.

Kiri-kiri ba ta mutuwa da sara ɗaya. Da aka sake yin ruwa ta leƙo. Na roƙe shi don girman Allah ya bar ta, ya ce to. Ba a yi mako ba ya sake bi ta kanta. Sai na ɗauke hauyar na cilla ta kan rufin ɗaki, na ce kowa ya huta.

Bai yi faɗa ba. Da safe na same shi a zaure, ya naɗe buzunsa ya ɗaure.

"Ba ni hauyata. Gida za ni."

"Gidan da ba kowa? Ka je su kashe ka?"

"Wani da ya zo daga ƙauye jiya ya ce haki ya kai gwiwa a tsakar gidanmu, har ɗakin marigayiya uwarka ya shiga. Gidan da aka gudu aka bari shi ka yin haki. Na can ban iya hanawa ba, na nan kuma ka ce in zauna in zuba mashi ido?"

Fushina bai tafi ba, wuri ya sake. Mutumin da geronsa ya ciyar da mu har ya kai ni makaranta, yau waɗansu 'yan iska masu bindiga sun mayar da shi mai noman tsakar gida. Ana kuma fitowa a rediyo ana gaya mana wai an samu sauƙi. Wane sauƙi? Na taka turmi na sauko masa da hauyar. Ya kwance buzu, ya tofa miyau a tafi, ya duƙa.

Tun daga ranar, in ya tafi masallaci da asuba ya tsaya lazimi, sai in bi tsakar gidan da bokiti a ɓoye in yayyafa ruwa da taki, matata ta biyo ni da busasshiyar ƙasa tana rufe lemar. Dardumar da na yi buri ban sake ganinta ba, kuma har yau in na ji ƙarar hauyar nan sai raina ya ɓaci. Amma maganar gobe zai koma ta yi sauƙi.

Da rani ya tsaga, ko'ina ya bushe ƙayau, na same shi tsugune yana juya wata saiwa a hannu.

"Ba ruwa ba komi, tana fitowa," ya ce. "Wagga aba taurin kai gare ta. Ba inda za ni sai na ga bayanta."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na tura bokitin bayan ƙyaure da ƙafa.